Motar Suruki

Ranar da aka kawo motar, rabin unguwar Roumdé Adjia ta Garoua sai da ya leƙo. A bayan babbar motar shanu aka ɗauko ta, an share kashin sama-sama, aka sauke ta da katakai a ƙofar garejin Malam Ishaku ana ta ihun a yi hankali. Ruwan ɗorawa ce, gajeriya, cikinta kamar zai shafi ƙasa, kujera biyu tak, injinta kuma a baya. 'Yan moto, masu acaɓa, suka yi cirko-cirko suna ɗaukar hoto. Wata mai tallan ƙosai ta tambaya ina ake zuba kaya a cikinta, aka ce mata ba a zubawa, ta ce to wannan ai ba mota ba ce, takalmi ne.

Kowa ya yi dariya ban da Malam Ishaku, domin shi ya san mai ita. Motar Taufiƙ ce, ɗan babban dillalin shanun nan na unguwar Poumpoumré, kuma mijin 'yarsa Hamida. Taufiƙ bai zo ba, ba kuma wanda ya sa ran zai zo. A garin nan suruki ba ya tsayawa gaba da gaba da uban matarsa suna cinikin magana. Bahaushe ya ce kunya, Bafulatani ya ce semteende, mu kuwa da muka tashi tsakanin su biyu muka haɗa duka muka yafa. Tun da aka ɗaura auren, Ishaku bai taɓa kiran sunan yaron ba, sai dai ya ce "mutumin gidan nan". Ko lambar wayarsa ba shi da ita.

Hamida kuwa ita kaɗai gare shi. Tana rarrafe uwarta ta rasu, a ƙarƙashin motoci ta yi wayo. Kafin ta iya karatu ta san sifana da girmanta, in aka tada inji takan karkata kai ta ce, "Baba, filogi ne." Sau da yawa kuma filogin ne. A kwano ɗaya suke cin tuwo, tana yi masa musu yana yi mata, in ta ga ya ɗaure noti a karkace ta faɗa masa a gaban mai mota. Mata a unguwa suka yi ta surutu wai Ishaku ya ɓata yarinya, ba kunya tsakaninsa da ita. Shi kuwa cewa yake kunya ta baƙo ce, shi da Uwata ba su da ita. Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Da ta yi aure gidan masu shanu, sai zuwanta ya fara ja da baya. Ba wanda ya hana ta, a'a, manyan gidaje ba sa hani. Yau dai babu direba, gobe Hajiya uwar miji ba ta jin daɗi, jibi an yi baƙi daga Ngaoundéré. Labari ya zo kunnen Ishaku cewa Hajiyar ta taɓa faɗa cikin mata wai warin baƙin mai ko turaren wuta ba ya fitar da shi. Ya haɗiye. Uba ba ya yawo gidan auren 'yarsa, saboda haka ya zauna a garejinsa yana kallon titi, duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe ya leƙa. Kewarta ta ci shi ƙwarai, ba shi kuma da wanda zai faɗa wa.

Ƙanwarsa Balkisu ce ta biyo motar da saƙo, don ita ce ke shiga gidan can ta fito. Ta zauna a benci ta gyara mayafi ta zayyana masa. Motar ta fara wani ƙara ne daga baya, aka kira wani masani a Douala ya saurara ta waya, ya ce boris ne, wanda mutanen gari ke cewa rulma, wani da ke can ƙuryar inji. An yo odar sabo daga Turai, ga shi nan a ɗan kwali. Mazan gidan sun so a mayar da motar Douala, sai Hamida ta miƙe a gaban Hajiya da kowa ta ce daga nan har Ngaoundéré babu mai hannun babanta.

"Wuyanta ta sa, Yaya," in ji Balkisu. "Mijin kuma ya ce in ta tashi, shi da kansa zai riƙa kawo ta gaishe ka duk Juma'a."

Ishaku ya tashi ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa motar, abin da bai taɓa yi wa motar kowa ba.

Aikin kuwa ba na wasa ba ne. Sai da ya ɗaga ta sama, ya sauke giyar motar gaba ɗaya, ya kwance babban faifan ƙarfen da ke bayan inji, sannan ya ga wani ɗan murfi. Ƙarƙashin murfin boris ɗin yake, bai fi bakin kofin shayi ba, ya nutse a bakin wata sandar ƙarfe mai rami wadda ke juya sarƙoƙin inji. A ciki akwai zoben waya da ya riƙe shi, ba a ganinsa, ba a kai masa hannu. Waɗanda suka ƙera motar suna da abin zare shi na musamman, a can ƙasarsu. A nan kuwa bakanike in abu ya ƙi fita guduma da kurfi yake ɗauka, amma wannan in ka buga, sarƙa ta goce, ka kashe injin da hannunka.

Sai ya leƙa wurin Martin. Martin mutumin duwatsun Mokolo ne, Kirista, yana da injin sassaƙa ƙarfe a shagon da ke jikin garejin. Sun tsufa tare a wannan layi, naman Sallah na shiga gidan Martin, shinkafar Kirsimeti na shiga gidan Ishaku. Mutum ne mai baki kamar reza, abin da ya gani shi yake faɗa ko da a gaban gwamna ne. Ya kwanta ƙarƙashin motar ya haska, ya yi tsaki, ya zagi wanda ya binne boris a irin wannan wuri har kakansa, sannan ya koma shago ya yanko guntun bututun rijiyar burtsatse, ya samo dogon noti na tirela, ya sassaƙa abin zarewa.

Na farko haƙoransa suka zube. Ya sake wani. Suka ɗaura, Ishaku na murza sifana Martin na riƙe, zafin Garoua na dafa su a ƙarƙashin mota kamar ɗanwake, sai ji suka yi ƙas, tsakiyar boris ɗin ta ɓalle ta fito ta bar zoben waje a maƙale. Martin ya yi wata magana da yarensu wadda ba ta buƙatar tafinta. Kwana da kwanaki suna abu ɗaya. Ishaku ya daina karɓar aikin kowa, 'yan taksi suka yi fushi suka koma wani gareji, bai ko ɗaga kai ba. Daga ƙarshe suka lulluɓe wurin da jiƙaƙƙun tsummoki, Martin ya ɗiga walda a hankali ya manna wani ƙarfe mai kauri a jikin zoben, suka sake ɗaura bututun. Ishaku ya murza, ya murza, har jijiyar wuyansa ta miƙe. Abin ya yi ƙara kamar an harba bindiga, ya faɗo a ƙirjin Martin.

Murnar ba ta kai ko'ina ba. Da Ishaku ya juye shi a tafin hannu, sai ya ga ragar da ke riƙe ƙananan ƙwallayen cikin boris ɗin ta karye, ƙwallayen da suka rage sun yi rami-rami kamar goron da ƙwaro ya ci, wasu kuma babu su sam. Martin ya kwance matatar mai ya yanka ta, ya shimfiɗa takardar cikinta a rana. Ta ɗauki ƙyalli gaba ɗaya. Suka tsiyaye baƙin man a daro, shi ma yana walƙiya da garin ƙarfe.

Ba wanda ya buƙaci a yi masa bayani. Ƙwallayen da suka ɓata injin ne ya niƙe su, mai kuma ya raba garin ko'ina, kamar yashi a garin tuwo. Sabon boris ba zai tsince shi ba. Sai an raba injin biyu, an wanke kowace kafa, an canja duk abin da garin ya goga, da kayan da babu su a ƙasar nan, aikin watanni. In ba haka ba za ta tashi lafiya, ta yi daɗin ji, ta yi yawo cikin gari, ranar da aka taka ta a doguwar hanya ta mutu.

Martin ya ciro wayarsa ya miƙa masa ya ce ya kira yaron yanzun nan. Ishaku ya ce ba a haka. Martin ya ce su a dutse suruki gonar uban matarsa yake nomewa, in kuma kunyar shukar da ya yi ta karkace a zage shi tas, da yamma a sha abin sha tare, ba wanda ya mutu. Ishaku ya ce wannan a dutse ne.

"Mon frère, ɗan'uwana," in ji Martin, "ku ne fa kuke cewa barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa."

Allah kuma bai bar Ishaku da uzuri ba, don washegari bayan la'asar sai ga Taufiƙ da kansa. Kada a zalunci yaron, mai tarbiyya ne, ba ya cikin masu ɗaga hanci. Tun daga bakin titi ya tuɓe takalmi, ya zo nesa kaɗan ya tsuguna da farar shaddarsa a ƙasar da ta sha baƙin mai, ya sunkuyar da kai. Ishaku na tsaye da tsumman da ya goge daron a hannu, garin ƙarfe na ƙyalli a jiki. Ya juya fuska wajen bango kamar yadda ake yi. Suka gaisa, suka tambayi gida, suka tambayi zafi, suka tambayi shanu, suka sake tambayar zafi. Martin ya kashe injinsa a shago don ya ji.

"Baba, an sa ku wahala," in ji Taufiƙ, idonsa a ƙasa.

"Babu wahala."

"Allah ya sa dai abin bai yi tsanani ba."

Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Amma yaya za ka dubi mijin 'yarka, yana tsugune a gabanka, ka ce masa abin da ya fi so a duniya ya mutu, kuma a hannunka aka gano? Ishaku ya dunƙule tsumman ya tura aljihu.

"Da sauƙi," ya ce.

Taufiƙ ya yi godiya, ya ja da baya, ya sa takalminsa a bakin titi. Martin ya kunna injinsa da ƙarfi, ranar bai ƙara leƙowa ba.

Ishaku ya ce wa kansa ai magana tana da hanyarta, ba a bakin titi ake yin ta ba. Ya aika aka kira Balkisu, ya nuna mata takardar matatar, ya faɗa mata komai dalla-dalla: a gaya wa mutumin gidan nan injin ya ci ƙarfe, sai an buɗe shi duka, kada a yi tafiya da ita. Balkisu ta saurara har ya gama, sannan ta tafa hannu. Ta ce shi dai Yaya ƙarfe ya sani, bai san gidan mutane ba. Mota ta zo da ɗan ƙara, ta kwana biyu a hannunsa, sai a koma a ce ta mutu? Wa zai yarda ba shi ya kashe ta ba? Hajiya da ma jira take. Kuma ba shi za a yi wa gori ba, shi yana nan cikin tsummokinsa, yarinyar ce za ta ci tuwo da shi safe da yamma. Ga bikin ƙanen Taufiƙ ya matso, a Figil za a ɗaura, an riga an gaya wa dangin amarya wannan motar ce za ta ja gaba. Ta ce ya bar kaza cikin gashinta, ita ta san yadda za ta sa maganar.

Ya san abin da "na san yadda zan sa maganar" ke nufi a bakin Balkisu. Tare suka tashi. Ya bar ta ta tafi duk da haka, har da ba ta kuɗin moto.

Daga nan sai ya shiga yi wa kansa ƙarya da aiki. Ya zuba sabon mai ya juya injin da hannu ya tsiyaye, ya sake zubawa ya sake tsiyayewa, ya wanke kaskon ƙasa da fetur, ya bi duk inda yatsa ke kaiwa da mayen ƙarfe. Ƙyallin ya ragu. Bai ƙare ba, amma ya ragu, mai son ya yarda kuwa kaɗan ya ishe shi. Sabon boris ɗin ya naɗe a leda ya kai wa Denise mai sayar da kifi a bakin kasuwa ta sa masa a firiza, don sanyi ya tsuke shi ya shiga ba duka. Denise ta tambaya in ya yi ƙanƙara soyawa za a yi ko miya. Da ya kwana ya daskare, Martin, wanda fushinsa ba ya hana shi aiki, ya ɗauko shi a kular ƙanƙara a kan moto ya sheƙo da gudu. Ishaku ya saita shi, ya ɗora bututu, ya ɗan taɓa da gudumar katako. Ya shige sumul, zoben ya kama da ɗan ƙara mai daɗi.

Abin takaici, duk rayuwarsa bai taɓa aiki mai kyan wannan ba. Da ya mayar da giya ya tada ta, injin ya ɗauka da wata murya mai taushi, ba ƙara, ba rawa, har 'yan moto suka yi tafi. Martin bai yi tafi ba. Ya ce an ɗinka wa gawa sabuwar riga, ya koma shagonsa.

Da hantsi, ana gobe za a zo ɗaukarta, wayarsa ta yi ƙara. Hamida ce. Rabon da ya ji muryarta da irin wannan daɗi tun tana gida. Ta ce ya kara mata wayar a jikin injin. Ya kara. Ta yi shiru tana saurare, ya san ta karkata kai kamar da, sannan ta yi dariya ta ce wallahi tas, ko agogo albarka. Ta ce ita ce za ta zauna kusa da mijinta zuwa Figil, Hajiya da kanta ta ce haka, in sun dawo kuma Juma'a mai zuwa suna nan tafe, ya tanadi kifi gasasshe irin na bakin gada.

"Gwaggo ta ce ka ce a lallaɓa ta," ta ce. "Baba, akwai wani abu ne?"

To ga saƙonsa yadda ya isa. Duk garin ƙarfen, duk buɗe injin, duk kada a yi tafiya, sun narke a hanya sun zama a lallaɓa. Kuma ga wadda ba ya jin kunyarta tana tambayarsa kai tsaye, wadda kalma ɗaya za ta ishe ta, don ta san garin ƙarfe a mai tun kafin ta san kwalli. Sai dai in ya faɗa, ita za ta shiga gaban Hajiya ta janye maganar da ta yi, Juma'ar kuma ta tafi ke nan. Ya ji yana son Juma'ar nan kamar ransa. Figil ai ba nisa, ya ce a zuciyarsa, hanyar kuma shimfiɗaɗɗiya ce, mota takan yi abin mamaki.

"Babu komai, Uwata. A dai lallaɓa."

"Na faɗa musu ai," ta ce. "Na ce babana in ya ce an gama, an gama."

Motar ba ta kai Figil ba. Ta wuce Pitoa lafiya tana jan jerin motocin biki, Taufiƙ ya lallaɓa iya lallaɓawar saurayi mai irin wannan mota a gaban abokansa. Sun fara hango fararen duwatsun da ake fasawa ke nan injin ya yi wata gurnani, ya buga sau ɗaya, ya yi shiru. Baƙin mai ya malale a kwalta. Ba wanda ya ji ciwo, Allah ya tsare. Amma duk jerin ya tsaya, tun daga motar Alhaji, mahaifin Taufiƙ, har ta makaɗa, manyan motocin siminti na wucewa suna watsa musu farar ƙura, dangin amarya da suka fito tarye suka tarar da wan ango tsaye a rana da babbar riga yana kallon bayan motarsa. Hajiya ta sauke gilashi ta dubi Hamida, ta mayar da gilashinta. Hamida ta ƙarasa Figil a motar da ta ɗauko kulolin abinci. Wani direban da ya je bikin ne ya kawo labarin Roumdé Adjia, ya ƙara da cewa kafin ta shiga motar an ga ta tsuguna a titi da kayan bikinta tana dangwalar man da yatsa.

Ishaku ya jira a zo a zage shi. Wallahi da an zo da ya ji sanyi. Da Alhaji ya aiko a ce masa maha'inci, ko Taufiƙ ya manta da tarbiyya ya tsaya a kansa ya ɗaga murya, da ya samu inda zai sa tasa maganar, ya ce na aika, ba a kai ba. Ina! Mutanen kirki ne, da kirkin suka yanka shi. Ana nan sai ga babbar motar shanun nan ta biyo ta gaban garejin, ruwan ɗorawa a bayanta an ɗaure da igiya, ta nufi hanyar kudu, ko rage gudu ba ta yi ba. Da yamma direban gidan ya kawo cinyar sa guda, ya ce an ce a gode da ɗawainiya. Ishaku ya ba Martin. Martin ya karɓa, bai ce na faɗa maka ba, wannan ma wani dukan ne.

Balkisu ta zo tana kuka tana rantsuwa ita alheri ta nufa. Bai yi mata faɗa ba. Da wane baki?

Juma'a ta zo ta wuce, wata Juma'ar ma ta wuce. A ta bayanta, an sauko daga masallaci rana na tsaka, moto ya tsaya a bakin titi, Hamida ta sauka ita kaɗai. Ishaku ya miƙe yana goge hannu a riga, har ya buɗe baki zai ce Uwata. Sai ya ga ta tsaya ta tuɓe takalmi a bakin titi. Ta tako a hankali, ta zo nesa kaɗan, daidai inda mijinta ya tsuguna, ta tsuguna. Ta sunkuyar da kai. Yarinyar da a da take shigowa da gudu ta ɗage murfin tukunya kafin ta yi sallama.

Ta gaishe shi da wuni. Ta tambayi aiki, ta tambayi zafi. Ya amsa kamar mai magana cikin ruwa. Sannan ta kwance bakin mayafinta ta fito da ɗan farin hankici, ta shimfiɗa a ƙasa tsakaninsu. Tabon baƙin mai ne a jiki, rana ta faɗa kansa yana ta ƙyalli.

"Wannan ba na rana ɗaya ba ne, Baba," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ka gani?"

"Na gani."

"Kafin in kira ka?"

"Kafin ki kira."

Ta gyaɗa kai. Ya so ya ce don ke na yi, ya so ya ce Juma'a, ya so ya kawo sunan Balkisu, duk ya fasa, don ya ji yadda za su fito. Ta ce a gidan can har yau cewa take ƙaddara ce, babanta bai sani ba, haka kuma za ta ci gaba da faɗa, ba wanda zai ji wani abu daga bakinta. Muryarta ba ta yi rawa ba, da ma ta yi.

"Shi kunyarsa ka ji, na yarda, surukinka ne," ta ce. "Ni fa? Yaushe na zama baƙuwa?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ce a huta lafiya, Allah ya ƙara girma. Ta miƙe ta ja da baya ba ta juya masa ƙeya ba, yadda ake yi wa manya, ta sa takalminta a bakin titi. Mai moton da ma bai kashe ba.

Ba ta yanke zumunci ba, kada wani ya ce ta yanke. Duk Sallah tana zuwa, da turmin yadi da abinci a kula, ta tuɓe takalmi a bakin titi, ta tsuguna ta gaishe shi da ladabin da duk unguwa ke yabawa. Matan da suka ce ya ɓata ta yanzu cewa suke aure ya gyara Hamida, ta yi kunya, ta san girman uba. Wata Sallar ta tarar yana fama da wata tsohuwar taksi mai tari, ya bar injin yana aiki da gangan, ya yi ta satar kallonta ko za ta karkata kai. Filogi ne, kowa ya ji ya san filogi ne. Ta jira har ya gaji ya kashe, sannan ta ce, "Sannu da aiki, Baba."